Cututtukan da ke kama mai juna biyu a Anka, Gummi da Bukkuyum: abin da ake cakuɗawa da abin da za a iya karewa

Idan mai ciki ta kwanta ciwo a ƙauyukan yammacin Zamfara, da wuya sunan da za a ba ciwon ya wuce ɗaya cikin huɗu: laulayi, zazzaɓi, sanyi ko shawara. Kowanne yana da hanyar da aka saba bi. Laulayi a bar shi ya wuce da kansa, zazzaɓi a aika yaro kyamis, sanyi a nemi mai maganin gargajiya, shawara a jiƙa sassaƙe. Amma cututtuka da dama, waɗanda asalinsu da maganinsu suka sha bamban, suna fakewa a ƙarƙashin waɗannan sunaye. Wasunsu ma ba sa nuna wata alama sai ciki ya zube, ko an haifi jariri babu rai.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa a Najeriya mata 512 ke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Binciken ya nuna cewa a Zamfara kusan mace ɗaya ce cikin uku ke ganin ma'aikacin lafiya don awon ciki, kuma kusan ɗaya cikin goma ce ke haihuwa a asibiti. A duniya baki ɗaya, kamuwa da ƙwayoyin cuta na da hannu kai tsaye a kusan mutuwa ɗaya cikin goma ta masu ciki da masu jego. Abin da ya sa batun ya cancanci dogon bayani shi ne, mafi yawan waɗannan cututtuka ana iya tare su da abubuwa masu sauƙin kuɗi, muddin an fara da wuri.

Me ake nufi da kamuwa da cuta?

Kamuwa da cuta, wato abin da matan birni ke kira infekshan, shi ne wata halitta mai rai da ido ba ya gani ta shiga jiki ta hayayyafa. Akwai bakteriya, irin masu haddasa kwalara, tunjere da ciwon mafitsara, kuma su ne maganin antibayotik ke kashewa. Akwai bairos, irin na ciwon hanta da na ƙanjamau, waɗanda antibayotik ba ya taɓa su ko kaɗan. Akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda ke da nata maganin daban. Akwai kuma fangas, mai sa ƙaiƙayin gaba.

Ciki yana sassauta garkuwar jikin mace don kada jikin ya yaƙi ɗan da ke cikinsa. Shi ya sa ciwon da za ta iya shanyewa a tsaye kafin ta ɗauki ciki yake iya kayar da ita yanzu. Cutar kuma tana da ƙofofi uku zuwa ga jariri: ta mabiyiya tun yana ciki, ta hanyar fitowarsa lokacin haihuwa, sai ta cibiya ko nono bayan an haife shi.

A wannan yanki dole a ware abu ɗaya. Gubar dalma da aka gano a 2010 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma da Bagega, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ba ƙwayar cuta ba ce. Ba a ɗaukar ta daga mutum, allurar rigakafi ba ta tare ta, antibayotik ba ya fitar da ita. Ƙurar dutsen zinariya ce da aka niƙa a cikin gidaje. Sai dai tana shafar ciki sosai, domin dalma tana taruwa a ƙashi, ta koma cikin jini lokacin da mace ke da juna biyu, ta ratsa mabiyiya. Kariyarta ita ce kada a daka ko a niƙa dutse inda ake kwana da girki, kuma mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida.

Zazzaɓin cizon sauro

Wannan ne babba, kuma shi aka fi rainawa saboda sabo. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. A garuruwan da ke bakin Gulbin Zamfara, inda fadamu da gonakin shinkafa ke riƙe ruwa, sauro yana yawaita daga tsakiyar damina har zuwa kaka.

Babbar mace da ta tashi a irin wannan wuri jikinta ya saba da cutar, tana iya ɗauke da ƙwayar ba tare da ta kwanta ba. A nan haɗarin yake. Idan ta ɗauki ciki, ƙwayoyin suna taruwa a mabiyiya, suna rage abincin da ke isa ga ɗan, suna kuma fasa jinin uwar a hankali. Tana daka, tana ɗebo ruwa, jikinta ba zafi, amma tafin hannunta da cikin idonta suna yin fari, tana haki idan ta yi 'yar tafiya. Ƙarshenta a haifi ɗan ƙaramin jariri ko bakwaini, ko ta zo haihuwa da ƙarancin jinin da zubar jini kaɗan zai iya tafiya da ita. Mai cikin fari ta fi kowa shiga wannan haɗari, ga shi kuma ita ce kunya ta fi ɗaure wa baki.

Kariya biyu ce. Ta farko gidan sauro mai magani, a kwana a cikinsa kowane dare, ba sai an ji kukan sauro ba. Ta biyu maganin SP, wanda aka fi sani da Fansidar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ba mai ciki daga mako na 13, ƙwaya uku a lokaci guda a gaban ma'aikacin lafiya, a riƙa maimaitawa da tazarar wata ɗaya aƙalla, kuma kada ya gaza sau uku kafin haihuwa. Ana sha ko da mace lafiyarta ƙalau, domin rigakafi ne, kamar maganin da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina. Ba a shan sa a watanni ukun farko. Matar da ba ta fara awo ba sai a wata na bakwai ko na takwas ta riga ta yi asarar mafi yawan wannan kariya.

Idan kuma zazzaɓi ya riga ya kama, a yi gwajin jinin yatsa kafin a sha komai. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, kuma Fansidar ɗin rigakafi ba shi ne maganin wadda ta riga ta kamu ba.

Abin da ake kira sanyi

Babu inda ruɗani ya kai nan. Ƙaiƙayi, fitar ruwa, zafin fitsari, ciwon mara, ciwon baya, har rashin haihuwa, duk sanyi ake ce musu. A ranar kasuwa mai magani yana shelarsa da lasifika, kwalba ɗaya ta warkar da duka. A asibiti kuwa abubuwa ne daban-daban.

Ƙaiƙayi mai haɗe da farin ruwa mai kauri yawanci fangas ne. Yana yawaita da ciki, yana da takura, amma ba kasafai yake cutar da jariri ba, kuma ba shaida ba ce cewa wani ya yi lalata. Ciwon mafitsara ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Bakteriya suna iya zama a fitsarin mai ciki ba ta ji komai ba, daga baya su hau zuwa ƙoda, su kawo zazzaɓi mai rawar ɗari da ciwon kwiɓi, su tayar da naƙuda kafin lokaci. Dalilin karɓar fitsari a wurin awo ke nan. Sannan akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, waɗanda wasunsu ke shiga idon jariri lokacin haihuwa, idon ya kumbura yana ruwa, har ya makance idan ba a yi magani ba.

Game da wannan rukuni na ƙarshe, akwai maganar da ake yawan kauce wa. An fi ɗora laifin a kan bayan gida, alhali ba ta nan waɗannan cututtuka ke yaɗuwa ba. Idan aka yi wa mace magani aka bar mijinta, za ta sake kamuwa. Idan gidan mai mata biyu ko uku ne, magani ya shafi kowa. Faɗin haka ba zargi ba ne ga kowa, domin mutum yana iya ɗauke da cutar tun kafin auren da yake ciki, bai kuma sani ba.

Hanyoyi biyu da ake bi a gida suna ƙara dagula lamarin. Ɗaya ita ce matsi, wato cusa haɗin gargajiya ko kayan mata a gaba. Wannan yana kashe bakteriya masu amfani da ke tsare wurin, yana iya yin rauni, kuma mai ciki ta nisance shi gaba ɗaya. Ɗayar ita ce sayen kafso a kyamis, a sha kwana biyu a bari. Wasu magungunan, irin su tetarasaikilin, suna illa ga haƙora da ƙashin ɗan da ke ciki, shan rabi-rabi kuma yana koya wa ƙwayoyin jure magani.

Ukun da gwajin jini kaɗai ke tonawa

Tunjere, ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B suna iya zama a jikin mace shekaru tana ganin kanta lafiya lau.

Tunjere yana cikin manyan cututtukan da ke sa a haifi jariri babu rai a duniya. Matar da ke yawan ɓari a watannin ƙarshe, ko take haihuwar 'ya'ya suna komawa, sau da yawa a gida ana danganta abin da iska ko sammu. Wani lokaci tunjere ne, kuma allurar fenisilin da aka yi da wuri tana kare ɗan.

Ƙanjamau bai yi yawa a Zamfara ba. Wani binciken ƙasa na daban, na 2018, ya sami kashi 1.4 cikin 100 na manya a Najeriya, Zamfara kuma tana cikin jihohin da suka fi ƙarancinsa. Duk da haka, idan uwa tana ɗauke da shi ba ta shan magani, yiwuwar ɗanta ya ɗauka tana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100. Da magani tana sauka ƙasa da kashi 5.

Ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau yawa sosai, domin wannan binciken ya same shi a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manya. Jaririn da ya ɗauka a wurin haihuwa, tara cikin goma cutar tana zama a jikinsa har girma, ta iya kai shi ga lalacewar hanta. Akwai allurar rigakafi, amma ta farko tana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. A al'adarmu jariri ba ya fita sai bayan suna. Ko da a gida aka haihu, ya kamata a kai shi ko a kira ma'aikacin lafiya a ranar, kada a jira kwana bakwai.

Ruwan sha, damina da shawara

Rikicin 'yan bindiga ya tara dubban mutanen ƙauye a cikin garuruwa, musamman Anka, inda iyalai da yawa ke raba rijiya ɗaya da masai ɗaya. Idan damina ta sauka, ko gulbi ya yi ambaliya kamar yadda ya faru a Gummi a 2024, ƙazanta tana gangarawa cikin ruwan sha. A 2021 Najeriya ta sami fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, Zamfara kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Mai ciki da amai da gudawa suka kama, ɗan cikinta yana iya mutuwa saboda ƙarewar ruwa a jikinta ko da ita ta tsira. A fara ba ta ruwan gishiri da sukari nan take, a kan hanyar asibiti.

Shawara kuwa alama ce, ba cuta guda ba. Idon mai ciki yana iya yin rawaya saboda zazzaɓin sauro, ko sikila, ko ciwon hanta. Mafi muni shi ne ciwon hanta nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke kawowa. Ga sauran mutane yawanci yana wucewa, amma a watanni ukun ƙarshe na ciki yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu. An ga haka a 2017 a Diffa ta Jamhuriyar Nijar, a cikin waɗanda rikici ya raba da gidajensu, inda mafi yawan waɗanda suka rasu masu ciki ne. Saboda haka mai ciki da idonta ya yi rawaya asibiti za a nufa da ita a ranar, domin jiƙon da ake ɗura mata yana iya ƙara wa hantar nauyi.

Tafasa ruwan sha ko sa masa sinadarin kulorin, wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin girki, tafasa madara kafin a yi nono, da dafa nama ya nuna sosai, su ne kariya a nan. Mai ciki kuma kada ta taɓa abin da akuya ko saniya ta zubar idan ta yi ɓari.

Ranar haihuwa da kwanakin jego

A 1847 wani likita a birnin Biyana, Ignaz Semmelweis, ya tilasta wa masu karɓar haihuwa wanke hannu da ruwan kulorin, sai mutuwar masu jego a ɗakinsa ta ragu ƙwarai. Darasin bai tsufa ba. Tun da mafi yawan haihuwa a wannan yanki a ɗaki ake yin ta, tsabtar hannun mai taimako, da shimfiɗar da za a durƙusa a kai, da sabuwar reza, da zaren ɗaure cibiya, su ke raba lafiya da ciwo. Duk abin nan ana iya tanadarsa tun ciki yana wata bakwai, a ƙulle a leda mai tsabta.

Cutar sarƙe haƙora tana shiga ta cibiya idan an yanke da tsohuwar reza, ko an shafa toka, ƙasa, man goge baki ko wani haɗi don ta yi saurin faɗuwa. Jariri yana shan nono lafiya, sai tsakanin kwana 3 zuwa 14 ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare, ya riƙa zabura. Kaɗan ne ke tashi. Allurar da ake yi wa mai ciki a dantse ita ce rigakafin wannan. Biyu ake so aƙalla kafin haihuwa, da tazarar mako huɗu, biyar kuma a jere bisa ƙa'ida suna kare mace tsawon shekarun haihuwarta. Allurar tana kuma tare mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano a 2023. Ga cibiya akwai man kulohekzidin, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa a ƙauyuka tun 2013. Shi kaɗai ake shafawa.

Ita ma uwa tana cikin haɗari. Idan faya ta fashe aka wuni ko aka kwana naƙuda ba ta kankama ba, ƙofa ta buɗe ga ƙwayoyin cuta. Haka idan naƙuda ta yi tsawo ana ta sa hannu, ko aka yi yankan gishiri. Bayan haihuwa, zazzaɓi, jinin biƙi mai wari da ciwon mara mai tsanani alamu ne cewa mahaifa ta kamu. Wankan jego ba ya kashe ƙwayar da ta shiga jini, kuma kwana biyu na jira suna iya zama sanadin rasa mai jego.

Me ya sa ake makara?

Ma'aikatan lafiya sukan ce mutane ba sa zuwa. Mutanen ƙauye sukan ce sun je ba su tarar da kowa ba, ko sun tarar da ma'aikaci babu magani, ko namiji ne zai duba mace. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, sai dai ɗora laifi a kan jahilci kaɗai zalunci ne ga matar da ke bayan Bagega ko cikin dajin Bukkuyum. Ma'aikata da dama sun bar ƙananan asibitocin ƙauye saboda tsoron garkuwa. Hanya ba ta biyuwa da dare. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar, an taƙaita zirga-zirgar babura, alhali babur shi ne motar asibitin talaka. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta gano gubar dalma, ta yi shekaru tana tallafa wa asibitoci a yankin, amma taimakon baƙo ba ya maye gurbin asibitin gunduma mai aiki.

Akwai kuma abin da ke hannunmu. Ɓoye ciki har sai ya fito, don kunya ko tsoron baki, yana cinye watannin da gwaji ya fi amfani. Wasu suna ganin awo na marar lafiya ne, macen da ta haihu shida a gida ba ta da abin nema a can. Wasu suna tsoron allura tun zargin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, zargin da gwajin maganin kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ya ba shi gindin zama. Wannan tsoro yana da tarihi, kuma ba a kawar da shi da tsawa. Amma allurar sarƙe haƙora an shafe gomman shekaru ana yi wa mata a duniya, ciki har da ƙasashen Musulmi, suna kuma ci gaba da haihuwa.

Game da ungozoma ma ra'ayi ya rabu. Wasu masana suna ganin horar da ita yana ƙarfafa haihuwa a gida, wasu suna ganin tun da ita ce ke wurin, gara a ba ta sabulu, reza da man cibiya, a koya mata alamun da za ta ce a tafi asibiti. A yankin da mota ba ta fita bayan magariba, ra'ayi na biyu ya fi kusa da halin da ake ciki.

Abin da ya rage ga maigida da shugabanni

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas a tsawon ciki, na farko kafin a cika wata uku. Ga matar ƙauye mai nisa takwas na iya yin wuya. Amma inda gaggawar dare ba ta da hanya, zuwan rana da wuri ya fi na ko'ina daraja, domin a zuwa ɗaya ana iya gwada jini da fitsari, a yi allura, a ba da maganin ƙarin jini, a sa ranar fara Fansidar.

Mace ba ta yin wannan ita kaɗai. Maigida ne ke ba da izini da kuɗin mota, don haka ya ba da izinin tun ciki yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa, cewa ko ba ya nan a tafi da ita. Ya ware kuɗi, ya yi magana da direba ko mai babur tun kafin ranar, ya kuma yarda a gwada shi idan an buƙata. Alamun da ba a kwana da su a gida su ne zazzaɓi, rawayar ido, zubar jini ko ruwa, amai da gudawa, ciwon kai mai tsanani ko jijjiga, da ɗa ya daina motsi.

Sarkin Zamfaran Anka, Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Ɗankon Bukkuyum, tare da hakimai da limaman Juma'a, suna da bakin da magidanta ke ji, kuma maganar awo da wuri ta cancanci hawa mumbari. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin uku kuwa, su tabbatar cewa matar da ta yi kasadar hanya ta isa asibitin gundumarta ta tarar da ma'aikaciya mace, da kayan gwaji, da Fansidar, da allura a cikin firji mai aiki.